Sarkin Katsina Usman Nagogo: Mahayin da bai yi wa sanda gaggawa ba

Duk inda aka zauna hirar wasan ƙwallon dawaki a Najeriya, wato folo, da wuya a tashi ba a ambaci Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo ba. Ya rasu tun ranar 18 ga Maris, 1981, amma maki 7 da ya kai a ma'aunin ƙwarewar wasan har yau shi ake lissafawa a matsayin mafi girma da wani ɗan ƙasar nan ya taɓa samu.

Ma'aunin yana farawa ne daga 2 ƙasa da sifiri, ya tsaya a 10. Mafi yawan masu buga wasan a duniya suna tsufa ba su wuce maki 2 ba. Wanda ya kai 5 ya shiga sahun ƙwararru. Masu maki 10 kuwa a kowane zamani 'yan ƙalilan ne, kuma a yau galibinsu 'yan ƙasar Ajantina ne.

Abin da ke kai mutum wannan mataki shi ne abin da masu koyar da folo da masu koyar da ƙwallon lambu, wato golf, suka fi shan wuya wajen cusa wa ɗalibansu: mutum ya riƙe taki ɗaya wajen ɗaga sanda da sauke ta, ko shi ke ci ko shi ake ci. Wanda ya bi tarihin shekara 37 da Nagogo ya yi a gadon sarautar Katsina zai ga irin wannan riƙo a wajen fili ma.

Gidan da ya tashi

An haifi Usman Nagogo a Katsina a shekarar 1905. Mahaifinsa, Muhammadu Dikko, yana riƙe da sarautar Durɓin Katsina a lokacin, kuma daga gidan Sulluɓawa ya fito.

Tun bayan jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo, gidan Dallazawa ne ke sarautar Katsina, daga kan Malam Ummarun Dallaje wanda ya karɓo tuta. Haka aka yi ta tafiya kusan shekara 100, har zuwa 1906 da Turawan mulkin mallaka suka sauke Sarki Yero, suka naɗa Dikko. Ke nan Nagogo yana goye sarauta ta shigo gidansu.

Dikko mutum ne mai son gwada sabon abu. A zamaninsa Katsina ta riga sauran masarautun Arewa samun baitulmalin En'e, inda ake tara haraji a rubuce, ana biyan ma'aikata albashi. A zamaninsa kuma aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makarantar da ta yaye su Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello, wadda daga baya ta koma Kwalejin Barewa a Zariya.

Bayan haka Dikko ma'abocin dawaki ne na gaske. Yana kiwon su, yana sa su a sukuwa, kuma 'ya'yansa a bakin barga suka buɗe ido.

Nagogo ya fara da karatun allo da na littattafan addini a gida, kamar sauran 'ya'yan sarauta. Daga nan aka sa shi a makarantar lardi ta Katsina, inda ya kammala a 1923.

Tafiyar da ta kawo folo Katsina

Yana tsakiyar karatun ne, a 1921, Sarki Dikko ya yi niyyar aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila. Nagogo, yana ɗan shekara 16, yana cikin tawagar. A Landan sun gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar.

A lokacin folo ya riga ya shigo Najeriya, sai dai wasan Turawa ne. Sojojin Birtaniya ne suka fara buga shi a Legas a 1904. A Kaduna an kafa kulob a 1918, sannan a 1919 aka sa Kofin Georgian, wanda har yau shi ne kofin da ya fi kowanne daraja a wasan a ƙasar nan. 'Yan ƙasa kuwa aikinsu a filin shi ne riƙon doki da ɗaure sirdi.

Bayan dawowarsa, Dikko ya sa aka share fili a Katsina, ya ba da dawaki, ya sa 'ya'yansa da yaran fada su koyi wasan. Hawan doki ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Sabon abin shi ne sanda da ƙwallo da dokokin fili. Cikin waɗannan samari Nagogo ya yi fice, har 'yan wasan Katsina suka fara karawa da hafsoshin soja da jami'an mulki na Turawa, suna kuma cin su.

A zamanin da Bature ke zaune a kan komai, fili ɗaya da ɗan ƙasa zai bangaji kafaɗar Razdan ko hafsan soja, ya ƙwace ƙwallo, a kuma tafa masa, ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ake buga wasan

Kowane ɓangare mahaya huɗu ne. Filin yana da tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160, wato ya fi filin ƙwallon ƙafa biyar a haɗe. Tsakanin turakun gola yadi 8 ne, kuma duk lokacin da aka ci, ɓangarorin biyu kan yi musayar gefe.

Ana raba wasan zango-zango. Kowane zango, wanda 'yan wasan ke kira caka, minti 7 ne, kuma saboda tsananin gudu ana sauya doki bayan kowane zango. Ke nan ɗan wasa ɗaya yana buƙatar dawaki da yawa, kowanne da halinsa da tsawon takunsa.

Sandar doguwa ce, ta gora mai lanƙwasa, da kan katako a gicciye. Da gefen katakon ake bugu, ba da bakinsa ba. Doka ce a riƙe ta da hannun dama, ko da mutum bahago ne, don kada mahaya biyu su yi karo gaba da gaba. Hannun hagu na linzami ne.

Makin ɗan wasa ba yawan ƙwallayen da ya ci ake ƙirgawa ba. Kwamiti ne ke duba hawansa, da bugunsa, da yadda yake karanta wasa, da amfaninsa ga abokan tafiyarsa, har da ingancin dawakinsa. A nan folo ya saɓa da golf: a golf ƙaramar lamba ce ke nuna gwaninta, a folo kuwa babba.

Tunda kwamitin na kallon mutum gasa bayan gasa, shekara bayan shekara, bugun sa'a na rana ɗaya ba ya kai kowa maki 7. Sai wanda bugunsa na zangon ƙarshe, jiki ya gaji, ƙura ta tashi, bai bambanta da na zangon farko ba.

Sirrin bugu: taki ɗaya

Masu ƙwallon lambu sun fi kowa nazarin wannan al'amari, domin su ƙwallonsu a ajiye take, ba ta motsi. Babu wanda ke bangazar ɗan wasa, babu wanda ke ƙwace masa. Idan bugu ya lalace, daga jikinsa ne.

Da aka riƙa ɗaukar manyan 'yan wasan golf a bidiyo ana ƙirga motsinsu, an gano cewa lokacin da suke ɗauka wajen ɗaga sanda baya ya ninka na sauke ta kusan sau 3. Gaba ɗaya abin bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. Wani mai sauri ne, wani mai nawa, amma rabon ɗagawa da saukewa kusan ɗaya ne. Kuma gwani ba ya sauya nasa, ko da wace sanda ya zaro daga cikin 14 da doka ta yarda ya ɗauka.

Wanda ya zagaya ramuka 18 da bugu 72 zai yi kimanin awa huɗu a fili, amma in aka haɗa lokacin da sanda ke motsi a hannunsa ba zai wuce minti biyu ba. Sauran lokacin tafiya ce da tunani, kuma a nan fargaba ke shiga. Mai fargaba yakan matse sanda, ya fizge ta baya, ya sauko da ita tun kafaɗa ba ta gama juyawa ba. Sai hannu ya riga ƙugu, fuskar sanda ta karkace, ƙwallo ta nufi jeji.

Sam Snead na Amurka, wanda ya ci manyan gasanni 82 a ƙasarsu, an fi tuna shi da laushin bugunsa fiye da ƙarfinsa, kuma da wannan laushi ya ci gaba da fafatawa da samari har bayan ya haura shekara 60.

Mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura da bai taɓa riƙe sandar golf ba ya san wannan darasi tun daga tsakar gida. Mata uku masu lugude a turmi ɗaya, in ɗaya ta yi azarɓaɓi taɓare ne za su haɗu. Manoma a gayya suna bin gangar noma ne don kowa ya sauke garma tare, a kai ƙarshen kunya ba wanda ya sare. Maƙeri da mai bugun masaba ma haka suke. Nauyin taɓarya ne ke daka hatsi, aikin hannu shi ne ya sako ta a kan kari.

A folo abin ya ninka wuya, domin akwai rai biyu a cikin bugu ɗaya. Doki na gudun da kan kai kilomita 50 a awa, ƙwallo ma tana gudu, abokin hamayya kuma yana manne da gwiwar mutum yana tura shi. Mahayi yakan miƙe a kan likkafa, ya juya kafaɗa, ya ɗaga sanda tun saura 'yan taku a isa ƙwallo, sannan ya sake ta ta faɗo daidai da takun dokin.

In ya yi gaggawa, gorar za ta lanƙwashe, kan sandar ya zo a makare ko a karkace. In ya yi jinkiri, doki ya wuce ƙwallo. In ya sa ƙarfin dantse, jikinsa zai fizgi linzami, doki ya rikice. Ƙarfin da ke tura ƙwallo nesa na dokin ne da na nauyin sanda. Mahayin da ya gane haka ba ya kokawa da ɗaya daga cikinsu.

Wannan shi ne abin da maki 7 na Nagogo ke shaida a kansa. A kan dawaki daban-daban, a filayen Katsina da Kaduna da sauran garuruwa, shekara da shekaru, hannunsa ya riƙe kari ɗaya.

Daga aji zuwa Magajin Gari

Folo bai hana shi aiki ba. Da ya gama makaranta a 1923 sai aka ɗauke shi malami a nan inda ya yi karatu, ya koyar har shekara 6.

A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e ta Katsina. Aiki ne na fareti da horo da tsare doka a kasuwa da unguwanni, kuma ya haɗa shi da talakawan gari ido da ido. A 1937 aka naɗa shi Magajin Gari, wato hakimin cikin birnin Katsina.

Malanta shekara 6, shugabancin 'yan doka shekara 8, hakimci shekara 7. Shekara 21 ke nan yana hawa mataki-mataki kafin ya kai gadon mahaifinsa.

Hawa gado ana tsakiyar yaƙi

Sarki Dikko ya rasu a 1944, bayan shekara kusan 38 yana mulki. Wannan ne karon farko da gadon ya faɗi tun da sarauta ta bar gidan Dallazawa, don haka tambayar da ke gaban kowa ita ce ko za ta zauna a gidan Dikko. Nagogo aka zaɓa, kuma ranar 19 ga Mayu, 1944, Gwamnan Najeriya Sa Arthur Richards ya miƙa masa sanda. Yana da shekara 39.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba. Dubban samarin Arewa suna cikin rundunar sojan Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, suna yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Bama. Bai daɗe a kan gado ba sabon sarkin ya kama hanya, ya bi ta Masar da Indiya, ya je ya gana da su.

Ga sojan da ya bar gida shekara biyu ko uku, yana fama da damina da zazzaɓi a ƙasar da ba ya jin harshenta, ganin sarki mai rawani yana yi masa sannu da Hausa babban abu ne.

Wani abin sha'awa shi ne daga wannan yanki folon zamani ya fito. A Manipur, kan iyakar Indiya da Bama, Turawan Birtaniya suka ga mutanen ƙasar suna buga shi, suka koya, suka kafa kulob na farko a Silchar a 1859, daga nan ya tafi Ingila, ya zagayo har Katsina.

Nagogo ya dawo da girmama aikin soja, a zamanin da manyan gidaje da yawa ke ganin aikin na marasa galihu ne. Ɗansa Hassan, wanda aka haifa a 1933, ya shiga soja, ya kuma sami horo a Sandhurst ta Ingila.

Zamanin siyasa

Shekarun 1950 sun zo da jam'iyyu da majalisu. A ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, a 1952, Arewa ta tura mutum huɗu majalisar ministoci ta tsakiya a Legas: Abubakar Tafawa Balewa, da Muhammadu Ribadu, da Shettima Kashim Ibrahim, da Usman Nagogo a matsayin minista maras ma'aikata. Daga Yamma, Ooni na Ife Adesoji Aderemi ne ke riƙe da irin wannan kujera.

A wannan zama ne rikicin 1953 ya taso, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da sa rana, aka yi musu ihu a titunan Legas. A watan Mayu na shekarar rikici ya ɓarke a Kano.

Daga baya Nagogo ya koma Kaduna, yana cikin Majalisar Sarakunan Arewa, yana kuma cikin majalisar zartarwa ta Jihar Arewa a matsayin minista maras ma'aikata, har zuwa 1966. A 1962 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar KBE, wadda ta sa ake kiran sa Sa Usman Nagogo.

Zamani ne mai santsi ga sarakuna. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta sa tsarin En'e a gaba, kuma magoya bayanta a duk faɗin Arewa, har da ƙasar Katsina, sun yi ta kokawa da yadda 'yan doka da kotunan alƙalai ke takura musu. Nagogo shi ne shugaban wannan tsari a ƙasarsa, don haka sukar ta shafe shi kamar yadda ta shafi takwarorinsa.

Ta ɗaya gefen kuma gwamnatin NPC ta Sardauna tana ƙara ƙarfi a kan masarautu. A 1963, bayan binciken kuɗin En'e ta Kano, Sarki Muhammadu Sanusi, wanda ake ganin babu sarkin yanka mai ƙarfinsa, ya yi murabus ya koma Azare. Nagogo ya ratsa waɗannan shekaru rawaninsa na kansa.

A fada kuwa taushin Sarkin Taushin Katsina yana tashi, a fili kuma ana ci gaba da buga folo. Ƙungiyoyin Katsina sun ɗauki Kofin Georgian sau da dama, kuma an ba Nagogo shugabancin ƙungiyar folo ta Najeriya na tsawon rai.

Ɗa gwamna, uba sarki

Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Balewa da wasu manyan hafsoshi. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, ya naɗa Hassan Usman Katsina gwamnan soja na Jihar Arewa. Yana da shekara 32 da 'yan watanni.

Sai ga wani yanayi da ba a saba gani ba. A gida Hassan ɗa ne, yana zubewa gaban mahaifinsa. A hukumance kuwa shi ne shugaban duk sarakunan Arewa, har da wanda ya haife shi.

Shekara ce ta jini. Dokar haɗe ƙasa ta watan Mayu ta jawo tarzoma a garuruwan Arewa da dama, a watan Yuli aka yi juyin mulki na biyu, a 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Gwamnati ta dogara ƙwarai da sarakuna wajen kwantar da hankalin jama'a, kuma Nagogo yana sahun gaba a cikinsu, saboda shekarunsa a gado da kuma matsayin ɗansa.

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12. Katsina ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna, maƙwabciyarta Kazaure kuma ta faɗa Jihar Kano.

Daga nan aka fara zare ikon sarakuna ɗaya bayan ɗaya. Kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha, gidajen yari suka koma na tarayya, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya. Rundunar da Nagogo ya shugabanta yana saurayi a gabansa aka naɗe ta.

A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, wanda ya kawo ƙarshen En'e, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Na biyu a gwamnatin soja ta lokacin ɗan Katsina ne, Shehu Musa 'Yar'aduwa. A 1978 dokar filaye ta sa ƙasa a hannun gwamnoni. A 1979 Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama gwamnan Jihar Kaduna, ya soke haraji da jangali, waɗanda tattara su ya kasance babban aikin hakimai da dagatai.

Sarkin da ya hau gado yana da 'yan doka da kotu da gidan yari da baitulmali ya wayi gari babu ko ɗaya a hannunsa. Bai yi fito-na-fito da wata gwamnati har ta kai ga tuɓe shi ba, kuma kwarjininsa bai ragu a idon Katsinawa ba. Ya zauna da Turawa, da 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko, da gwamnatocin soja huɗu, da Jamhuriya ta Biyu.

Mahayi ba ya umartar ƙwallo inda za ta gangara, kuma ba kullum yake samun dokin da ya fi so ba. Abin da ke hannunsa shi ne lokacin da zai ɗaga sanda da lokacin da zai sake ta. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma tarihin sarautun Arewa na waɗannan shekaru cike yake da misalan hakan.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Alhaji Sa Usman Nagogo ya rasu ranar 18 ga Maris, 1981, yana da shekara kusan 76. Bai ga kafuwar Jihar Katsina ba, wadda aka yi a 1987.

Ɗansa Muhammadu Kabir Usman, shi ma gwanin folo, ya gaje shi, ya yi mulki har zuwa 2008. Daga nan sarauta ta koma ga jikansa, Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman. Tambayar da aka yi a 1944 ta sami amsa: sarakuna huɗu a jere daga gida ɗaya, sama da shekara 100.

Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina, wanda ya riƙe shugabancin rundunar sojan ƙasa lokacin yaƙin basasa, shi ma bai rabu da filin folo ba. Ya rasu a 1995.

A Katsina a yau filin folo na garin sunan Nagogo yake ɗauke da shi, haka ma kwalejin koyar da Larabci da addinin Musulunci, da wani babban titi. Babban filin wasanni na jihar kuma sunan mahaifinsa, Muhammadu Dikko, aka sa masa.

Wasan kansa ya sauya. Ana buga shi a Katsina da Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Legas da wasu biranen, amma ya yi tsada ƙwarai. Manyan ƙungiyoyi dawakin Ajantina suke sayowa, suna kuma ɗauko 'yan wasan haya daga can don su cika makin da ake buƙata a shiga manyan kofuna. Kuɗi ya ƙaru a fili, dawaki sun fi na da gudu, amma har yau ɗan ƙasa bai kamo maki 7 ba.

Ƙwallon lambu ma ta samu gindin zama a Arewa. Filin Rayfield na Jos yana nan tun 1913, akwai na Kano da Kaduna da Zariya, a Jigawa kuma marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya gina fili a Dutse. Yara da yawa da ke ɗaukar wa manya jakar sanduna a irin waɗannan filaye ta nan suke koyon bugu, wasunsu har su zama ƙwararru.

A ƙasar Kazaure, wadda ta yi iyaka da Jihar Katsina ta wajen Roni da Gwiwa, da kuma Babura da ke bakin iyakar Nijar, doki bai bar rayuwar jama'a ba. Duk hawan Sallah ana ganin samari masu zama daram a kan sirdi, suna sakin linzami a guje, su ja birki gaban sarki ko hakimi. Irin waɗannan samari Dikko ya tara a Katsina shekara 100 da suka wuce, ya ba su fili da sanda da lokaci.

Abin da ya rage ga mai koyo, ko a kan doki yake ko a ƙasa, shi ne abin da ba a saye da kuɗi: ya samu takinsa, ya maimaita shi har ya zauna a jiki, kada kuma ya sake shi ranar da ido ya yi masa yawa.

Allah Ya jiƙan Sarkin Katsina Usman Nagogo, Ya kyautata makwancinsa.